Yaro baya amsa sunansa a aji: sangarta ce, iska ce, ko otizim?

Antin Nazare 1:
Assalamu alaikum malamai, dan Allah shawara nake nema. Akwai yaro a ajina ɗan shekara 3 da 'yan watanni, tun farkon zangon nan nake lura da shi. In na kira sunansa ko waiwayowa baya yi, amma a buɗe ledar biskit a can ƙarshen aji yanzu za ki ga ya juyo, kenan yana ji. Baya wasa da yara, murafan lemo yake tsinta ya jera su layi guda a bakin taga, wani ya taɓa ɗaya to ranar ba zaman lafiya. In aka kaɗa ƙararrawa ko aka tada janareta sai ya toshe kunne yana ihu. Magana kuma in na ce masa "ya sunanka" shi ma sai ya ce "ya sunanka". A ofishin malamai mun rabu gida uku, wasu sun ce sangarta ce, wata ta ce iska ce a kai shi ruƙiyya, ni kuma zuciyata ta fi ba ni otizim ne, galahangar nan da ake faɗa a rediyo. Ya zan yi?

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam 'yata. Ɗa namiji dama an san shi da nauyin baki, wani sai ya kai huɗu bakinsa ke buɗewa. Mu da muka tsufa da alli a hannu mun ga irinsu da yawa, yau wasunsu magidanta ne. Iyayen yanzu ne basa kwaɓar yaro, sai a kawo mana shi makaranta a ce wai cuta. Ki ɗan tsare masa gida ki ga, tsawa ɗaya biyu zai shiga taitayinsa.

Maman 'Yan Biyu:
Ni dai waya nake zargi wallahi. Yaro tun yana wata shida an dangwara masa katun, uwa na can tana catin, ya za a yi ya iya magana? A ƙwace wayar wata ɗaya a gani

Anti Mai Kwalliya:
A duba masa linzami kuma. Ɗan yayata haka yayi ta fama sai da wanzami ya yanke

Nas Zariya:
Baba Hedimasta Allah ya ƙara girma, gaskiyarku akwai yaron da jinkirin magana ne kawai, amma ku sake karanta abin da Anti ta rubuto. Mai jinkirin magana zalla in yana son ruwa zai nuna miki randa da yatsa ya kalli fuskarki ya sake kallon randar, in ya tsinci abu zai kawo miki ki gani, in kika yi masa dariya zai mayar, ana 'yar tsana ko ɗan girki zai shiga. Bakin ne kawai bai buɗe ba amma hira yake da mutane da ido da hannu. Shi kuwa mai otizim wannan hirar ta ido da hannu ita ce ke da rauni, sannan ga son maimaita abu ɗaya, ga damuwa da ƙara ko haske ko taɓi. Abubuwa biyun nan tare likita yake nema kafin ya ce otizim.

Anti ki lura min da waɗannan: yana nuna abu da yatsa don ki gani, ba don ki ba shi ba? Yaro yawanci kafin wata 18 ya fara wannan. In kika nuna masa tsuntsu a sama yana bin yatsanki da ido? In yana son abu kama hannunki yake ya ɗora a kai kamar hannun ba na mutum ba? Yana tafiya a kan yatsun ƙafa ko yana kaɗa hannu in ya ji daɗi?

Maganar linzami kuma dan Allah a bar aska. Linzami in ya yi yawa shayarwa yake wahalarwa ko furta wasu haruffa, baya hana yaro amsa sunansa. Yaron nan ma ai yana furta "ya sunanka" tsaf, harshensa lafiya lau.

Antin Nazare 1:
Wallahi Nas kamar kina ajin. Hannuna yake kamawa ya kai kan jakarsa in yana son abinci, ko kallona baya yi. Yatsun ƙafa kuma yana yi wani lokacin

Malama Ta Gidan Liman:
Ni ce dai zan faɗi abin da kowa ke tsoron faɗa. Yaro yana dariya shi kaɗai, yana kallon bango, yana toshe kunne alhali mu bamu jin komai, ku ce min ba shafar aljanu ba? Mu musulmi ne, mun yi imani akwai su. Bature bai san wannan ba shi ya sa ya laƙaba masa suna.

Malamin Islamiyya:
Malama ba wanda ya musa akwai aljanu, Alƙur'ani ya tabbatar. Amma cewa WANNAN yaron aljani ne ya shafe shi, wannan da'awa ce, ina hujjarki? Ke baki ga gaibu ba ni ma ban gani ba. A yi masa addu'a, a tofa masa falaƙi da nasi da ayatul kursiyyu, duk yaro ma ana masa, babu cin karo tsakanin wannan da zuwa asibiti. Abin da nake tsoro shi ne abin da ke biyo bayan kalmar nan a garuruwanmu, a turnuƙe yaro da hayaki a rufaffen ɗaki, a danne shi ana masa karatu da sifika a kunne, yaron da ƙararrawar makaranta ma gigita shi take, in ya yi ihu a ce ga aljanin nan ya fara magana. Wasu har duka.

Baba Hedimasta ku ma da girmamawa, sallah da take ginshiƙin addini hadisin Abu Dawud cewa ya yi a umarci yaro da ita a shekara bakwai, ba a ambaci duka ba sai a goma. To ɗan shekara uku da bai amsa sunansa ba, a wane babi za mu saka bulalarsa?

Tsohon Hedimasta:
Ni ban ce bulala ba Malam, tsawa na ce. Amma ku amsa min wannan, me ya sa a da bamu san wannan cuta ba? Kuma me ya sa sai a gidajen 'yan boko da masu kuɗi ake jin ta? Ban taɓa jin ɗan manomi a ƙauyenmu da otizim ba.

Ɗalibar Ilimi Na Musamman:
Baba ai kun san su, suna ne dai ba a ba su ba. Kowane gari akwai wanda ake ce wa dolo, ko bebe alhali yana ji, ko wanda aka ce tun yana ƙarami aljanu suka taɓa shi. Ɗan mai kuɗi shi ake kaiwa asibitin koyarwa ya fito da takarda, ɗan manomi ana barinsa a tsakar gida. A Amurka ma sai 1943 wani likitan ƙwaƙwalwa na yara a asibitin Johns Hopkins, Leo Kanner, ya fara bayaninsa a rubuce daga yara 11 da ya gani. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayarwa a baya shi ne kusan yaro 1 cikin 100, a Amurka kuwa inda ake tantance yara sosai rahoton 2025 ya ce 1 cikin 31 a 'yan shekara 8. Maza sun ninka mata sau uku zuwa huɗu. Ko da 1 cikin 100 ɗin muka ɗauka, makaranta mai yara 300 ta lissafa da kanta.

Kuma kar mu ga laifin junanmu da yawa, ni a NCE kwas ɗaya muka yi kan yara masu buƙata ta musamman, shi ma makafi da kurame da guragu aka fi yi, otizim ko shafi guda bai cika ba a handawut. Ma'aikatan lafiya ma basu tsira ba, akwai binciken da Dokta Muideen Bakare da abokan aikinsa na asibitin ƙwaƙwalwa na Inugu suka wallafa a 2009, sun tambayi ma'aikatan lafiya abin da ke kawo otizim, sama da kashi ɗaya cikin huɗu suka danganta shi da abubuwan ɓoye irin su iskoki. Masu farin kaya kenan fa, balle mu masu alli.

Ɗan Sakkwato:
Wanga magana duk kuna kewaye-kewaye. Allurar rigakafi ta. Ɗiyan da anka yi ma allura su ka wannan abu, yaro na magana lafiya lau, a kai shi a yi mai ta ƙyanda ya dawo ya yi shiru. Turawan da kansu sun faɗi. Kun manta abin da anka yi ma yaran Kano?

Nas Zariya:
Bamu manta ba Malam. Gwajin maganin Trovan da Pfizer ta yi a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya faru, an yi shari'a an biya diyya, kuma yana cikin abin da ya sa mutane suka ƙi allurar shan inna a 2003, wanda ya ji tsoro yana da dalilinsa. Amma wancan gwajin magani ne a kan yara marasa lafiya, daban yake da wannan.

Baturen da ya faɗi maganar allura da otizim sunansa Andrew Wakefield, likita ne a Ingila, ya wallafa a mujallar Lancet a 1998 a kan yara 12 kacal. Daga baya aka gano ya murɗa bayanan kuma akwai kuɗin lauyoyi a ciki, 2010 mujallar ta janye rubutun aka kuma soke lasisinsa na aikin likita. A Denmak an bi yara sama da 650,000 aka fitar da sakamako a 2019, ba bambanci tsakanin wanda aka yi wa allurar da wanda ba a yi wa ba.

Abin da ke rikita iyaye, kuma ina tausaya musu, shi ne wasu yaran masu otizim da gaske suna fara 'yan kalmomi sannan su ɓace tsakanin wata 15 zuwa 24, a nan kuma allurar ƙyanda ana yin ta a wata 9 a sake a wata 15, sai lokutan su haɗu. Yaran da ko ƙofar asibiti ba a taɓa kai su ba su ma suna yin wannan komawa bayan. Ita kuwa ƙyanda duk wanda ya yi aiki a wodin yara ya san abin da take yi, makanta, kurumta, mutuwa.

Ɗan Sakkwato:
To mi ka kawo shi in ba ita ba?

Nas Zariya:
Mafi yawa gado ne, yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun a ciki. Wani babban bincike na ƙasashe biyar a 2019 ya sa kason gado kusan 80 cikin 100. Gidan da ke da yaro ɗaya mai shi, ƙaninsa na da kusan 1 cikin 5 na samu. Sai abubuwa irin haihuwar bakwaini, iyaye masu manyan shekaru (har da uba, a lura), da shan maganin farfaɗiya na valproate da juna biyu. Maman 'Yan Biyu waya kuma tana iya jawo jinkirin magana in ta maye gurbin hira da yaro, a rage ta tabbas, Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi ɗan ƙasa da shekara 2 bai kamata a zaunar da shi gaban allo ba, amma ba ita ke halitta otizim ba. Sau da yawa ma uwa ta miƙa wayar ne don ita kaɗai ke sa yaron ya natsu.

Uwar Yaro Na Musamman:
Tun ɗazu nake karantawa ina share hawaye. Ɗana yana da shi, yanzu shekararsa 9. Ba irin abin da ban ji ba, dangin miji sun ce daga wajenmu ne, wata tsohuwa ta ce ɗan ruwa ne a kai shi bakin kogi, wata ta ce na tsallake wani abu da ciki, wata ta ce aikina ne ya hana ni kula da shi. Makarantu sun karɓi kuɗin fam da na yunifom sannan bayan sati biyu a kira ni a ce Hajiya ki yi haƙuri. Wata makarantar kuma ba su kore shi ba, ajiye shi suka yi a bayan aji zango guda yana cin takarda, ni ina gida ina murna ɗana na karatu.

Wadda ta fara taimakona malamar nazare ce, ko digiri bata da shi. Abin da ta yi, bata taɓa ce min "ɗanki yana da kaza" ba. Littafi ta samu tana rubuta abin da ta gani da kwanan wata, yau na kira shi bai juyo ba, yau ya yi kuka da aka canza masa kujera, yau ya jera duwatsu har aka tashi tara. Rannan ta tsayar da ni bayan an watse, ba a gaban sauran iyaye ba, ta fara da cewa yaron nan ya haddace duk waƙar asambuli, sannan ta ce Maman wane a gida ma in kin kira shi yana amsawa? Kawai sai na fashe da kuka don na daɗe da sani, tsoron faɗa nake. Littafin nan shi na kai wa likita, ya ce ya fi masa amfani da duk bayanin da na yi da baki.

Antin Nazare 1 dan Allah haka za ki yi. Kar ki furta sunan cuta, ba aikinki bane kuma in kika faɗa uban zai iya cire shi gobe. Kuma in da hali a kira uban tare, don in uwa ta koma gida da maganar ita kaɗai, ita za a ɗora wa.

Malama Ta Gidan Liman:
Allah sarki Hajiya, Allah ya ba ki ladan haƙuri. To ya warke yanzu?

Uwar Yaro Na Musamman:
Amin Malama. Ba ciwon da ake warkewa bane irin zazzaɓi, haka Allah ya halicce shi. Amma yana magana yanzu, yana kai kansa banɗaki, yana karatu daidai gwargwado, Fatiha da ƙananan surori duk ya iya. Masu ce miki suna da maganin otizim kwalba kaza dubu kaza, na sayar da ɗan kunnena a kansu, ƙarya ne. Kuma masu cewa duk masu otizim gwanayen lissafi ne su ma su bari, nawa ba gwanin komai bane, yaro ne kawai. Akwai mai kaifin ƙwaƙwalwa akwai wanda har girma sai an kula da shi, wasu ma da farfaɗiya a haɗe.

Mai Makaranta:
Ku bari in faɗi tawa ko da za a ji haushi. Ajin nazare ɗaya yara 40 zuwa 45, anti ɗaya da nani ɗaya, albashin antin kun san shi ba sai na faɗa ba. Yaro ɗaya ya kwanta a ƙasa yana ihu, ko ya ciji ɗan wani, gobe iyaye biyar suna ofishina suna cewa ko shi ko 'ya'yanmu, akwai ma wadda ta ce min kar ɗanta ya ɗauka. Ni da kuɗin makaranta nake biyan haya. Kuna ta cewa a riƙe su a riƙe su, wa zai biya?

Ɗalibar Ilimi Na Musamman:
Ranki ya daɗe ba a ɗauka, wannan kam ki faɗa musu kai tsaye a taron iyaye. Kuma akwai dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018 da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba

Mai Makaranta:
Doka tana Abuja 'yata, ni ina nan da yara 45. Dokar ta aiko min da malami?

Uwar Yaro Na Musamman:
Hajiya ban ce ƙarya kike ba, kuma na fi son mai makarantar da za ta ce min gaskiya ba za mu iya ba tun kafin ta karɓi kuɗina. Amma yawancin abin da ya yi wa ɗana aiki ba kuɗi aka kashe ba. Kujerarsa ɗaya kullum, kusa da anti, nesa da taga da janareta. Kafin a kaɗa ƙararrawa ta taɓa kafaɗarsa ta ce za a kaɗa, shikenan ihun ya ragu. Ta zana hotuna a kwali, asambuli, karatu, abinci, banɗaki, gida, tana nuna masa wanda ake ciki da wanda ke tafe, har sauran yaran suka fi shi son kwalin. Magana gajera, "zauna", "ɗauko kofi", ta jira ya gane, ba a jero masa umarni biyar ba. In ya rikice kuma ba a taru a kansa, akwai tabarma a lungu da yake zuwa ya huce. Cizo da kwanciya a ƙasa yawanci akwai abin da ya jawo, ƙara ko yunwa ko an canza abu ba a gaya masa ba, in aka gano sai ya ragu. Wanda nasa ya yi tsanani kam sai da mai zama da shi a aji, wannan mu iyaye muke biya, kuma ba kowa ke iyawa ba, na sani.

Tsohon Hedimasta:
Wannan na kwali da tabarma na yarda da shi, tsarin aji ne mai kyau ko ba ciwo. Amma har yanzu ina tsoron kar kowace anti ta karanta wannan ta koma aji ta fara raba wa 'ya'yan mutane cuta. Yaro mai kunya ma sai a ce otizim. Ga kuma yaran da a gida Hausa, a boko Turanci, a islamiyya Larabci, dole baki ya ruɗe.

Nas Zariya:
Tsoronku na farko daidai ne Baba, shi ya sa muka ce ta rubuta abin da ta gani ta tura gaba, likita ne mai yanke hukunci. Amma na yare biyu ko uku, baya kawo otizim kuma baya ƙara shi. Na ga iyayen da aka ce su daina yi wa yaro Hausa sai Turanci zalla, uwar da Turancin nata bai wuce kam da go ba sai ta daina yi masa magana gaba ɗaya, kakarsa ma haka, an ƙara raba shi da mutane kenan. A yi masa yaren da ake yi a gidan, a yawaita.

Anti Daga Funtuwa:
Mu da muke nesa da manyan birane ina za a ce iyaye su nufa? Don in na ce "a kai shi asibiti" kemis za su je a ba su maganin ƙarin jini

Nas Zariya:
Ki ce musu gwajin ji tukuna, ko da kuna ganin yana ji, don akwai mai jin ƙara amma baya rarrabe magana, musamman wanda ya taɓa sanƙarau ko ciwon kunne mai ruwa. Sashen kunne da hanci da maƙogwaro na babban asibiti, ko cibiyar kula da kunne ta ƙasa da ke Kaduna. Daga nan likitan yara, su faɗa masa a fili maganar girma da ɗabi'ar yaro suka zo ba zazzaɓi ba. Ku na Funtuwa Shika ta fi muku kusa, asibitin koyarwa na ABU. Na Kano akwai Malam Aminu Kano, Kaduna akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, Sakkwato akwai na Kware, Maiduguri ma akwai. Ki shirya su tun daga gida don da sun ji "asibitin ƙwaƙwalwa" za su ce an mayar musu da ɗa mahaukaci, ki ce musu likitocin ɗabi'ar yara a can suke zama. In yaron bai wuce wata 30 ba akwai takardar tambayoyi 20 da ake kira M-CHAT, eh ko a'a ce, iyaye ke amsawa, tana nuna wanda ya kamata a duba sosai. Su tafi da katin rigakafinsa da littafin da kika rubuta, in sun ɗauki ɗan bidiyonsa a gida yana wasa su haɗa da shi, don yaro in ya shiga ofishin likita wani lokacin ko motsi baya yi.